Tayoyin da na zaɓa maka

Zuwa ga Malam Mansur, mijin Autata Hanan, a can ƙasar Kanada.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka daga Tandabawi, unguwarmu a nan Makka. Ina gaishe ka da jiki, ina kuma gaishe ka da sanyi, don Hanan ta ce ya sake shigo muku. Hajiya, mahaifiyar Hanan, tana gaisuwa. Mu nan zafi ya ɗan saki, har ana kashe fanka da safe.

Na san za ka ji nauyi da ganin wasiƙar nan a fili, inda danginka na Kano da nawa na Makka duk za su karanta. Ba a saba suruki ya yi wa mijin 'yarsa doguwar magana ba, balle a bainar jama'a. Ka yi haƙuri, da gangan na yi. Shekara biyu ke nan kana ɗauke da wani laifi a idon mutane, laifin kuma nawa ne. Tunda a gaban jama'a ka ɗauka, a gabansu ya kamata in karɓi abina.

Ka san sana'ata, amma bari in faɗa saboda masu karatu. Shekara talatin da ɗoriya ina gyara da sayar da tayoyi a banshar ɗina da ke hanyar Jidda. Banshar shi ne abin da mutanen nan suke kiran shagon mai faci. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, da ƙafa ya ratso Chadi da Sudan ya iso garin nan, ni kuma sai Allah Ya sa abincina a ƙarƙashin motocin mutane. Ba na fahariya da komai a duniya sai da abu ɗaya: in na dafa taya, na san ta. Direbobin da ke hawan Ɗa'ifa da masu jigilar alhazai zuwa Mina, duk wurina suke zuwa. Ina da wani gwaji da kowa ya san ni da shi. In danna farcen babban yatsana a jikin roba. In ta lotsa da sauri, sai in ture ta gefe, don kwaltar Makka da azahar ba ta jin tausayin roba mai laushi. Hajiya takan ce ko kankana zan saya sai na yi mata wannan cin mutuncin.

Da wannan farcen na cuce ka, Malam Mansur.

Kana tuna ranar. Juma'a ce, na dawo daga Harami, ko rawani ban cire ba. Hanan ta kira ta bidiyo, tana ta murna kun sayi jif. Ta zagaya da wayar ta nuna mini ita gaba da baya, kai kana tsaye can gefe da hannu a aljihu, kana sunkuyar da kai kamar yadda ka saba in ina wurin. Sai ta ce da Hausarta mai rabin Larabci: “Baba, Mansur ya ce mu sa tayoyin talj, ni kuma na ce la, wallahi sai mun tambayi Baba.” Tayoyin ƙanƙara take nufi. Na ji daɗin maganar nan har cikin raina. 'Yata tana can ƙarshen duniya, da miji mai digiri biyu, amma kan taya sai ta tambayi ubanta.

Kuka tafi shagon tare, kuka sake kirana daga can. Mai shagon ya jero muku iri biyu. Ɗaya ita ce mai manyan haƙora, wadda ake ce wa ta kowace hanya, irin da nake sa wa masu shiga sahara da duwatsu. Ɗayar kuma ta sanyi ce, zanenta ƙanana, duk jikinta tsage-tsage kamar an bi ta da reza. Na ce wa Hanan ta danna farce a kowacce. Ta danna ta farko, ta ce tauri. Ta danna ta biyu, ta ce laushi. A wurina magana ta ƙare. Na san irin waɗannan masu laushin. Sukan zo mana jefi-jefi a jikin tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga waje, kuma ba sa ƙetare bazara ɗaya a nan, sai su siɗe. Na ce Turawa ne kawai suke son su sayar muku da taya takwas a mota ɗaya.

Ka yi magana. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, don ba zan iya cewa ba a gaya mini ba. Ka matso kusa da wayar, ka gaishe ni, sannan ka ce a hankali: “Baba, a nan mutane sukan canja zuwa ta sanyi in lokacin ya zo.” Kai da ka riga ka yi hunturu biyar a ƙasar. Ni da ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin. Na yi dariya, na ce maka dusar ƙanƙara ai yashi ce fara, abin da ya ratsa yashin hanyar Madina ba zai tsaya a gabanta ba. Na ƙara da cewa motarka duk ƙafafunta huɗu suna ja, me kake tsoro? Har na ba ka shawarar ka rage wa tayoyin iska in ta yi yawa a hanya, kamar yadda muke yi a rairayi. Na rufe da kalmar da nake rufe ciniki da ita: “Kalas, ya waladi, shi ke nan ɗana, sa mai haƙora.”

Ka ce: “To, Baba.”

Na ji wannan “to” ɗin, kuma na gane ta. Ba ta wanda ya gamsu ba ce. Ta yaron kirki ce da aka yi wa tarbiyya a Kano, wanda ba zai musa wa uban matarsa ba, balle a gaban matar, balle a gaban baƙo. Ni ma na yi wa mahaifin Hajiya irinta sau ba adadi. Bambancin kawai, ni nakan ce “to” in juya in yi abin da na ga dama. Kai ka fi ni gaskiya, ka ce “to” kuma ka aikata.

Wata biyu bayan nan Hanan ta kira, ban gane muryarta ba. Ka sauke ta a asibitin da take aiki da safe, ka kama hanyar makaranta. Akwai wata 'yar gangara da ke sauka kan mahaɗar hanya. Danja ta nuna ja, ka taka burki tun daga nesa, ba gudu kake ba, kowa ya shaida. Motar ta ƙi tsayawa. Ta dinga sulalewa a hankali har tsakiyar hanya, babbar mota ta zo ta ɓangarenka. Ƙugu da gwiwa. Aiki uku aka yi maka. Yau kana tafiya da sanda, kana sallah a kan kujera, kai da ka taɓa hawa dutsen Hira ka bar samarin unguwarmu a baya suna haki.

Da mahaifinka ya tambaye ka yadda aka yi mai hankali irinka ya shiga hunturu ba tayoyin sanyi, ka ce sakacinka ne. Haka ka gaya wa yayyenka, haka ka gaya wa abokanka na can. Labari ya zo mini cewa har yau in an tashi yi wa wani ƙaninka faɗa a gidanku, da kai ake misali. Ni kuma na kira mahaifinka na yi masa jaje, na ce ƙaddara ce, ya ce ƙaddara ce, muka yi sallama. Na ajiye wayar na koma shago na ci gaba da danna farce a tayoyin mutane. Na yi shiru, Malam Mansur, kuma ba mantuwa ba ce. Kunya ce da girman kai. Na gaya wa kaina cewa santsi santsi ne, ko wace taya ce a ƙarƙashinka haka za ta faru.

Da wannan na riƙa lallashin kaina har bazarar da ta wuce. Wani ya kawo mini tsohuwar mota da aka shigo da ita daga ƙasar sanyi, da irin tayoyin nan masu tsage-tsage, ya ce in cire in zubar. Na cire. Har na ɗaga ɗaya zan jefa kan tarin shara, sai na fasa. Na ɗauki wuƙa na yanko ɓalli daga jikinta, na yanko wani daga mai haƙora irin wadda na zaɓa maka. Na zo da su gida a leda, na tura cikin firizar Hajiya, kusa da naman layya. Ta tambaye ni ko na fara taɓuwa ne. Na rufe firizar na tafi na kwanta.

Washegari bayan na dawo daga sallah na fito da su. Na danna farce a mai haƙoran. Ta zama katako, farcena har zamewa ya yi a kanta. Na danna a ta sanyin, ta lotsa kamar ba a firiza ta kwana ba. Na sake gwadawa, na kuma sakewa. Sai na zauna a ƙasan kicin da roba biyu a hannu. Hajiya ta shigo ta same ni a haka, ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, ta ja ƙofar ta fita. Ashe ita ta daɗe da sani.

Abin da ka so ka gaya mini a shagon can ke nan, ni kuma na hana a saurare ka. Laushin da nake ƙi a Makka shi ne abin da ke riƙe mota a kan ƙanƙara. Manyan haƙora suna tona yashi da laka, amma in sanyi ya daskarar da robar, babu abin da za su kama. Ƙafa huɗu masu ja suna taimaka wa mota ta tashi, ba sa taimaka mata ta tsaya. Gwajina daidai yake, amma na garinmu ne. Na ɗauki ilimin zafi na yanke hukunci da shi a kan sanyi, don kawai 'yata ta ce sai an tambayi Baba kuma ban iya cewa ban sani ba. Kalma uku ce, ban sani ba. Da na faɗe ta, da ka sayi abin da ka riga ka san shi ne daidai.

Ba zan ce da tayar sanyi lalle da ka tsaya kafin mahaɗar ba. Wannan Allah ne Ya sani. Amma na san wanda ya cire maka damar, kuma ba kai ba ne.

Don haka, Alhaji, mahaifin Mansur, in ana karanta maka wannan: ɗanka bai yi sakaci ba. Ya san daidai, ya faɗe ta, ni na danne shi, shi kuma ya girmama ni. A daina misali da shi. In ana neman wanda za a yi misali da shi, ga ni nan a hanyar Jidda.

Mansur, ɗana. Bari in ajiye Malam ɗin. Tun ranar da abin ya faru ba ka taɓa fasa kirana ranar Juma'a ba. Ka tambayi jikina, ka tambayi kasuwa, ka tambayi ciwon ƙafar Hajiya, kai da ƙafarka ta fi tata ciwo. Sau ɗaya ba ka taɓa ambaton taya ba. Hanan ce ba ta iya ɓoyewa. Takan gaishe ni da ladabi, amma ta daina tambayata komai, ko maganin mura. Na san tana ganin ita ta jawo, tunda ita ta ce a kira ni. Ka gaya mata, don daga bakinka za ta fi yarda: 'ya ta tambayi ubanta ba laifi ba ne. Uban ne ya kamata ya san iyakarsa.

Ta ce za ku zo Umra da azumi, kuma wai ka ce a kama maka mai tura keken marasa lafiya a Harami, don ƙafar ba za ta kai zagaye bakwai ba, balle Safa da Marwa. Ta ce in nemo yaro mai ƙarfi cikin 'yan unguwa. Ban nemo ba, kuma ba zan nemo ba. Ina roƙonka abu biyu. Na farko ka yafe mini, da bakinka, ba don kunya ba. Na biyu ka bar ni in tura ka da kaina. Na san abin da za ka ce, wai ina suruki ina tura keken mijin 'yarsa, mutane za su gani. Su gani ɗin. Shekarata sittin da uku, amma hannun da ya yi shekara talatin yana ɗaga tayar babbar mota ba zai gaza da kai ba.

Na je unguwar Jarwal wurin masu sayar da kekunan, na ga iri biyu. Ɗaya mai manyan ƙafafu da ake hura wa iska, ɗaya mai ƙanana na roba zalla. Hannuna har ya tafi zai danna farce, na mayar da shi aljihu. Na ɗauki hotonsu, na tura wa Hanan ta nuna maka. Kai za ka zauna a kai, kai ka san inda ke maka ciwo. Ka zaɓa.

In kuma zuciyarka ba ta kai ga yafewa ba tukuna, ko ba ka son in tura ka, don Allah kada ka ce mini “To, Baba.” Ka ce a'a. Na fi buƙatar a'arka ta gaskiya yanzu fiye da duk ladabin duniya.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya mayar maka da ƙarfin ƙafarka, Ya sa abin da ya same ka ya zama kaffara. Allah Ya saka maka da alheri kan rufin asirin da ka yi mini ban cancanta ba. Ya tsare ku a hanyoyin can, kai da Hanan, safe da yamma. Ya kawo ku garin nan lafiya, Ya nuna mini ranar da zan riƙe hannun keken nan a bayanka. Amin.

Duk wanda ka zaɓa, ni wannan karon “to” kawai zan ce.

Surukinka mai neman afuwarka,
Baban Hanan,
Tandabawi, Makka.