Dutse Mai Rai a Zaurena

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Ina yaro a Tama, wani tsohon soja ya ce muna cikin teku akwai dutse mai rai, shina buɗe baki shina cin abinci. Munka yi dariya. Mu da anka haifa tsakiyar duwatsu, dutsen da munka sani sai dai shi ci gindin garma. Na aje zancen wuri guda da na Gizo.

To yau ga ɗan farina ya komo Madawa, bayan shekara goma sha huɗu a Lome shina aikin kiwon kifin ado. Ban kama sunanshi, ko a takarda. Na-Lome nike ce mishi. Ya sauko daga mota da akwatin gilashi, tsawon gadon jariri. Wai teku za shi kafa mini a zaure.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Kaya sun fi akwatin yawa. Pampo mai kaɗa ruwa, fitila shuɗiya, wata kwalba mai tara kumfar dauɗa, da ɗan abin awon gishiri da ake leƙawa da ido guda. Gishirin ma nashi daban, a buhu. Ya zuba rairayi da duwatsu, ya ce sai an jira sati biyar kafin kifi.

Maiguwa abokin wasana ya leƙo. "Isufu, rijiyar ta yi kyau, ina guga?"

Na ji Na-Lome shina ce ma uwarshi Sa'a: "Inna, in tekun ga ta zauna garin nan, ni ma na zauna, in buɗe shago. In ta ƙi, sai in koma." Ni bai gaya mini ba. Ba mu saba doguwar magana ba, gaisuwa ce da sunkuyar da kai.

Lahadi, 15 ga Disamba

Kifi biyu sun iso, ja-ja da ɗamarar fari. Da wani dunƙule kamar busasshen tuwo. Wannan, wai, shi ne mai ran. Ya ce dangin murjanin wuyan Sa'a ne.

Laraba, 18 ga Disamba

Dunƙulen ya buɗe. Ƙananan yatsu kore, suna lilo. Ƙila ruwa ne ke kaɗa su.

Talata, 14 ga Janairu 2025

Kuran, wato wutar lantarki, na yawan ɗaukewa, Na-Lome ya tafi Yamai neman batir da pano, faifan nan mai jawo wuta daga rana. Kwana biyar. Ya ja layi jikin gilashi, ya nuna mini shuɗin bido, jarkar ruwa: "Baba, in ruwa ya sauka ƙasan layi, a ƙara daga wanga." Shi ke nan. Ya duƙa ya fita.

Laraba, 15 ga Janairu

Ruwa ya sauka. Na ɗanɗana na bidon: salam, ba gishiri ko kaɗan. Yaro ya manta, sauri ya ɗebe shi. Na ɗebo daga buhunshi na dama har ya yi ɗaci kamar na akwatin, na cika zuwa layi. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Juma'a, 17 ga Janairu

Kwana uku ina yi. Yau dunƙulen ya ƙi buɗewa, ya tsuke kamar bakin jaka. Kifin sun laɓe bayan dutse, ko abinci ba su duba ba. Na zauna gabansu har na kusa rasa sahun masallaci.

Sa'a ta tarar da ni ina dama wani. Ta tsaya, hannu a ƙugu.

"Malam, mi kake yi?"

Na gaya mata.

"Shekara arba'in da biyar kana shan miyata. In ta ƙafe bisa wuta, ruwa nike ƙarawa ko gishiri? Ruwa ke tashi, gishiri shina nan zaune."

Na ce a bari ya komo. Ta ce, "Kira shi. Kunyarka ba ta da amfani ga kifi." Ta danna lambar da kanta, ta ɗora mini wayar a kunne.

Na faɗi abin da na yi, ban rage ba. Na ce a raina, to, Lome ta ci. Sai na ji dariya, irin wadda rabona da ji tun shina bin jakina zuwa fadama.

"Baba, laifina ne, ban yi bayani ba. Kar a gyara shi lokaci guda, shi ke kisa. Ludayi biyu a fitar, ludayi biyu na tataccen ruwa a zuba, sai a jira."

Akwai wani bidon tataccen ruwa da ban taɓa ba, Allah ya taimake ni. Ya koya mini leƙa abin awon. Kowace awa ina kira in karanta mishi lamba.

Asabar, 18 ga Janairu

Ludayi biyu, jira, waya. Tsakanin lamba da lamba ya ba ni labarin Lome, har da shekarar da ya kwanta ciwo bai gaya ma kowa ba. Ni ma na faɗi wasu abubuwa. Ba na takarda ba ne.

Da la'asar yatsa guda ya leƙo. Alhamdu lillahi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ya iso. Ya auna, ya ce saura kaɗan. Ba wanda ya mutu.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

An ɗora panon bisa soro. Na-Lome ya kama ɗakin shago kusa da tasha, shina shafa mishi fenti. Da hantsi mukan zauna tabarma guda gaban akwatin. Don lura da layi ne, ba wani abu ba. Bidon kuwa Sa'a ta ɗaura mishi tsumma ja, wai don tsofaffi masu karambani.

Ɗazu a kasuwa wani ya ja ni gefe, ya rage murya. Ya ce ko na san cikin teku akwai dutse mai rai, shina cin abinci? Ya rantse da idonshi ya gani. Na ce a ina? Ya ce wani zaure, nan garin.

Na ce ban yarda ba.

Na farko da ya gaya mini tsohon soja ne, Allah ya jiƙanshi. Na ƙarshe, Maiguwa mai neman guga.