Shafin Yaya

Zuwa ga Sakatariyar Ƙungiyar Marubuta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ƙara na kawo, kuma raina a ɓace yake. Shekaranjiya mai maɗaba'a ya aiko min da littafina na farko, kwafi dubu. Ina buɗewa na tarar babu shafin sadaukarwa. An cire shi ɗungurungum, ko shawarata ba a nema ba.

Ranki ya daɗe, Yayata na sadaukar wa littafin nan. Ita ta koya min karatu a gindin keken ɗinkinta, ƙafa na taka keke, baki na gyara min baƙi. Yanzu idonta yana tafiya. Likita ya ce na hagu ya riga ya mutu, na dama ma 'yan watanni suka rage masa. Kullum maganarta ɗaya ce: "Auta, so nake in ga sunana da idona, ba a karanta min ba."

Na je maɗaba'ar na zazzage masa abin da ke cikina har ya sa aka rufe min ƙofa. Kotu na yi niyya, aka ce in fara da ku.

Na gode, a huta lafiya.
Auta

*

Hajiya Sakatariya,

Amin, wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, ina gaisuwa.

Wallahi ba mugunta na yi ba. Injinmu shafi goma sha shida yake bugawa a falle ɗaya, a naɗe, a yanke. Littafin malam ya zo shafi ɗari da sittin da ɗaya. Saboda shafi ɗaya tal sai in ƙara falle guda, sha biyar su fito farare fat? Na duba na ga wani mai layi uku da ba ya cikin labari, na cire. Haka muke yi tun zamanin mahaifina.

Da malam ya zo bai ce min komai kan idon yayarsa ba. Ɓarawon takarda kawai ya kira ni a gaban ma'aikatana. Sai a wasiƙarki na ji, kuma tun jiya abin yake cina. Zan zo zaman sulhun da kika kira ranar Laraba.

Naki da girmamawa,
Mai maɗaba'a

*

Malam Auta,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin Yaya? Allah ya ƙara sauƙi.

Tunda ka tashi fuuu ka fice kafin a gama zama, har ka bar hularka a kan benci, ga abin da aka yanke. Mai maɗaba'a ya amsa laifinsa. Zai buga shafin daban, kwafi dubu, kuma shi da bakinsa ya ce zai yi shi da manyan baƙaƙe saboda Yaya. Ma'aikatansa uku ne kacal, don haka 'yan ƙungiya za mu haɗu ranar Asabar a ofis, kowa da gam ɗinsa, mu liƙa. Daga yau kuma ba mai cire wa marubuci ko layi ɗaya sai da sa hannunsa.

Kai ma da naka. A gaban mutane ka zage shi, a gabansu za ka ba shi haƙuri. Batun kotu kuwa, ka tambayi kanka ko idon Yaya zai jira a yi ta ɗage shari'a.

Hularka tana wajena.
Sakatariya

*

Hajiya,

Assalamu alaikum. Ban san da wane baki zan gode miki ba. Mutum goma sha tara suka yini suna liƙa shafin matar da ba su taɓa gani ba. Na ba mai maɗaba'a haƙuri, ya ce ya wuce, har shi ya kai ni gida.

Na miƙa wa Yaya kwafin farko, wanda kika liƙa da hannunki. Ta matsa bakin taga, ta rufe idon hagu da tafinta, ta karanta layi ukun a bayyane, ba wanda ya taya ta. Ni dai kuka na yi, ba zan ɓoye miki ba.

Da ta gama sai ta ɗaga littafin sama, ta ƙura masa ido irin yadda take duba ɗinkin 'yan koyo. Ta ce, "Auta, wa ya liƙa wannan? Ai ya karkace."

Ban faɗa mata ba. Na auna da rula, gaskiyarta ce.

Allah ya saka muku da alheri.
Auta