Hammatar Baban Yara

Lahadi, 2 ga Yuni

Matar Fasto ta zo mana da sabon salo a zumuntar mata. Ta rubuta sunayenmu a 'yan takardu, ta zuba a kwandon baiko, ta ce kowace ta ɗauki ɗaya. Wadda kika ɗauka, za ki yi mata addu'a kullum da safe har ƙarshen wata, kuma ba za ki faɗa mata ba. Na sa hannu da murnata. Ga marasa lafiya, ga masu neman haihuwa, ga tsofaffi, duk suna cikin kwandon nan. Wa na ciro? Ta-Tsallake.

Yarinyar da na koya wa ɗinki tun ba ta iya zura zare a allura ba. Ta ci a gidana, ta girma a shagona, da ta iya sai ta buɗe nata daidai tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa, ta kwashe min masu kawo ɗinki. Tun daga ranar nan, da kai kawai nake amsa gaisuwarta.

Na lallaɓa zan mayar in sake ɗauka, matar Fasto ta riƙe min hannu tana murmushi. Wai, "Mama, ba a canji."

Litinin, 3 ga Yuni

Na yi. Na ce, "Ya Ubangiji, ga ta nan, ka san ta. Amin."

Alhamis, 6 ga Yuni

Baban yara ya ji ni yau. Ya ce tunda ya aure ni bai taɓa jin na gama magana da sauri haka ba, wa ya samu wannan alheri? Na ce ya sha shayinsa. Amma maganar ta tsaya min, don haka na koma na ƙara: lafiyarta, 'ya'yanta. Da na zo kan "aikin hannunta" sai da na dakata. Na faɗa dai, a hankali.

Lahadi, 9 ga Yuni

An sanar a coci cewa ranar Lahadin ƙarshen wata za a buɗe sabon ɗakin sujada, mawaƙa za su sa sababbin riguna, kuma an ba Ta-Tsallake ɗinkin. Ni! Ni da nake ɗinka rigunan mawaƙan nan tun Fasto bai yi gemu ba! Wai suna so su hutar da idona. Wa ya ce musu idona ya gaji?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne: shekara da shekaru ina roƙo a kan ciwon gwiwata, shiru. Yarinyar nan kuwa, da rabin baki na roƙa mata, har an amsa. Ban ji wa'azin yau ba sam. Na yi kuka a banɗaki, ba zan ɓoye ba, na ji kamar an ce da ni na gama amfani.

Talata, 11 ga Yuni

Kai na ciwo. Na ɗinka aljihu a bayan wandon wani bawan Allah ta ciki maimakon ta waje.

Alhamis, 13 ga Yuni

Mawaƙa sun yi layi a shagonta ana awo. Ba leƙe nake ba, kekena ne yake bakin taga. Kuma na ga abin da na gani: tana auna su a tsaye ƙiƙam, hannuwa a ƙasa kamar sojoji. Haba! Mawaƙi ai sai ya ɗaga hannu sama ake auna shi. Mutanen nan da sun kai amshi, sai ka ga hannuwa sun tashi, su yi dama su yi hagu. Rigar da aka auna hannu a ƙasa, a hammata take fashewa. Ba ta taɓa ɗinkin mawaƙa ba, ina za ta sani?

Baban yara ma yana cikin layin, shi ne babbar muryarsu, da damatsan nan nasa kamar turmi. Ban ce komai ba. Wa ya tambaye ni?

Juma'a, 14 ga Yuni

Na yi barci mai daɗi, Allah ya yafe min.

Laraba, 19 ga Yuni

Addu'ar safe ta zama min aiki. Ina cewa "ka albarkaci aikin hannunta" sai hammata ta faɗo min a rai. Na ce, "Ya Ubangiji, kai na ce ka albarkata, ban ce ni ba. Kai ka ba ta aikin, kai ka gaya mata." Shiru. Irin shirun da uwata take yi in ta san na san abin da ya kamata.

Asabar, 22 ga Yuni

Baban yara ya kawo tasa rigar gida ya gwada. Gaskiya ɗinkin ya yi kyau, layi a miƙe, wuyan ya zauna. Hannuna ne a jikin yarinyar, ko ta ƙi ko ta so. Ya tsaya gaban madubi yana juyi, ya gyara murya, ya ja waƙa, ya ɗaga hannu ya ce Halleluya, sai ɓaaar! Tun daga hammata har ƙugu. Na yi dariya har na zame daga kujera, gwiwar ma na manta da ita.

Shi bai yi dariya ba. Ya tsaya da singileti a waje ya ce, "Maman yara, kin sani ko?" Na ce me na sani. Ya ce, "To mu duka haka za mu tsaya a gaban jama'a. Ni dai tsoho ne, zan jure. Ita ce ba za ta ƙara samun ɗinki a unguwar nan ba."

Ai abin da nake so ke nan. Me ya sa abincin rana ya ƙi shiga?

Litinin, 24 ga Yuni

Na durƙusa, bakin ya ƙi buɗewa. Ba a roƙa wa mutum albarka alhali albarkar tana aljihunka. Na tashi na ɗauki almakashina da rigar Baban yara na tsallaka titi. Don mutuncin mijina na je, a rubuta wannan.

Tana ganina ta miƙe har ta ture kwalin allurai. "Mama, lafiya?" Na shimfiɗa mata rigar. Ta duba, ta dubi tulin sauran da ta gama ta goge, sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Wai yadi ya ƙare, lokaci ya ƙure, ta shiga uku. Na ce ta tashi, ba makoki na zo ba. Ina ragowar ƙyallayen? A farke hammata, a ƙara ƙyalle mai kusurwa huɗu a kowace, ba mai ganewa.

Laraba, 26 ga Yuni

Ita tana farkewa, ni ina yanka. Har yanzu da haƙori take tsinke zare, na buge mata hannu kamar dā. Ta yi dariya. A tsakiyar aiki ta ce wai ba don ta ci min fuska ta kama shagon nan ba, tsoron yin nisa da ni ta ji, don in ta kakare ta tsallako ta tambaya. Na ce to me ya hana ki tsallakowa? Ta ce, "Fuskarki, Mama."

Na ce ta miƙo alli.

Juma'a, 28 ga Yuni

Mun gama. Na sa kowane mawaƙi ya ɗaga hannu a bakin titi kamar an kama ɓarayi. Bayana kamar an daka shi.

Lahadi, 30 ga Yuni

Sun yi waƙa, sun ɗaga hannu, sun yi dama sun yi hagu. Ni ba waƙar nake ji ba, hammatar Baban yara nake kallo. Ko zare ɗaya bai motsa ba.

Fasto ya hau mumbari ya yaba wa Ta-Tsallake, ita kaɗai, aka yi ta tafi. Tana kusa da ni a benci, na ga ta yunƙura za ta miƙe ta yi bayani, na damƙi zaninta na ce, "Zauna, kar ki ɓata wa kanki kasuwa." Sai na zauna ina jiran haushi ya taso min. Na jira har aka sa albarkar tashi. Bai zo ba.

Litinin, 1 ga Yuli

Wata ya ƙare, nauyi ya sauka, ba wanda ya ce in ci gaba. Na durƙusa ne don gwiwata kawai. Ban san yadda aka yi ba na ji bakina yana cewa, "Ya Yesu, ka kula min da 'yata."

'Yata na ce. Na so in gyara, amma an riga an ji.