Rabi da Kunun Kanwa

Zuwa ga ƙanwata Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya kuke fama da tsadar hatsin nan?

'Yarki Rabi ta haihu ranar Talata, amma ɗan bai zo da rai ba. Malamar asibiti ta ce ba wajen naƙuda ya rasu ba, ya kwana biyu da mutuwa a ciki, don har fatarsa ta fara saɓulewa. Hawan jini ne. Kumburin ƙafar nan da surukarta take cewa alamar namiji ce, ashe ciwon ne. Da na yi magana, cewa surukar ta yi, "Malam, bokon naka me ya tsinana maka?"

Yanzu dangin mijin sun tsare Rabi da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa, alhali malamar ta hana. Jiya na tarar tana haki daga ɗaki zuwa zaure. Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya.

Ni ba sa jin tawa, amma ke uwa ce. Ki zo ki tafi da ita gida, kada ki jira girbi.

Ku sa ta a addu'a. A gaishe da mutanen gidan duka.

Yayanki,
Sani