Abin da aka rubuta a bayan hoton Kaka

Salamu alaikum jama'ar gurup. Admin, a ɓoye sunana. Shawara nake nema don Allah, ba wa'azi ba, zuwa Juma'a kawai gare ni.

Ni 'yar Gidan Rumji ce, kuma abin da nake so a duniya ɗaukar hoton teku. In gwaggona za ta Kwatano sarin atamfa sai na bi ta, ita tana kasuwa ni ina bakin ruwa da wayata, ina ɗaukar igiyar ruwa da itatuwan kwakwa da kwale-kwalen masunta. A gida dariya ake mini, wai na yi tafiyar kwana biyu na dawo da hoton ruwa ba mutum ko ɗaya. Kakata ce kaɗai ke cewa, ƙawata, zo nuna mini tabkin nan da ba shi da ƙarshe.

Satin jiya ta ga wani da na ɗauka, kwakwa biyu sun sunkuya kan rairayi, sai ta tashi ta buɗe tsohuwar kwallarta ta fiddo wani hoto baƙi da fari, kusan irin nawa sak. Kakana ne ya ɗauka. Ya tafi Kwatano cin rani shekarar da aka samu mulkin kai, ya bar ta da cikin babana, can ya sayi kamara, bai sake dawowa ba. Hoton nan kaɗai ya aiko. A lokacin ta kai wa mushen lakol, wato malamin makaranta, ya karanta mata rubutun da ke bayansa, ya ce mijinki na taya ki murna, ya ce kin samu 'yanci. Shi kenan ta zauna jira. Manema suka zo ta kore su, da labarin rasuwarsa ya iso ta yi takaba.

Na juya hoton. Na yi lise, wato sakandare, ba wanda zai ruɗe ni da Faransanci. Kalmar libre tana nan, amma ba 'yancin ƙasa ba ne. Cewa ya yi, kin kuɓuta, kada ki jira ni, ki yi aure. Ko mushen bai iya ba ne, ko tausayi ya ji, Allah ya sani, ya daɗe da rasuwa.

Ta ce, mi ya ce, karanta in sake ji da bakin jinina. Na ce tawadar ta koɗe, sai na ɗauka da waya na ƙara girma. Ta ba ni zuwa Juma'a.

Na faɗa wa Baba, ya hau ni da faɗa, wai karambanin hotona ne ya jawo, in maimaita abin da mushe ya ce in rufe bakina. Gwaggo kuma ta ce haƙƙinta ne, an cuce ta sau ɗaya, kada a ƙara da ni. Ni ban iya ƙarya ba, kowa ya sani, fuskata ke tona ni, Kaka kuwa ta fi kowa sanin fuskata.

Jiya na same ta tana goge hoton da bakin zanenta, ta ce ba komai, tunda da aurensa za ta mutu, can za su haɗu.

Malaman gurup, wannan rubutun saki ne ko ba saki ba? Ku kuma mata, in ku ne, ran Juma'a me za ku karanta mata?