Na sa mahaifiyata ta sake kalmar shahada a gaban ɗalibaina

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don Allah a ɓoye sunana, ko harafin farko kar a saka, ina da ɗalibai a guruf ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, wanda zai zage ni ma ya zaga, na san na cancanta, amma in ya gama zagin ya faɗa mini abin yi.

Ni malama ce a wata Islamiyyar matan aure a nan cikin Bauchi, shekarata shida ina koyar da tauhidi. Mahaifiyata Bafulatana ce, Dada muke ce mata, a ruga aka haife ta a ruga ta yi aure, sai da shanu suka ƙare mahaifinmu ya rasu sannan yayana ya dawo da ita gari. Yanzu tana wajena a Tirwun saboda ciwon gwiwa, ta haura saba'in. Karatunta bai wuce Fatiha da ƙananan surori ba. Amma tun da na buɗe ido na san ta da abu ɗaya, in ta idar da salla ba ta tashi, sai ta zauna ta yi ta magana da Allah a fili, rabi Hausa rabi Fillanci, kamar mai ba na gida labari. Ta gaya masa gwiwa ta kwana da sauƙi, ta gaya masa gero ya yi tsada a kasuwar Muda Lawal, ta kai masa ƙarar yayana in ya kwana biyu bai kira ta ba, ta kuma dawo ta ce kar ya kama shi, yaro ne. Yayan nan nawa fa ya ba hamsin baya. Da muna yara dariya abin yake ba mu, da na yi karatu ya koma yana ba ni kunya, ban dai taɓa furtawa ba.

Wata biyu da suka wuce ɗaliban ajina suka haɗu suka zo gida duba ta, su kusan goma sha biyar, da lemo da sabulu. A satin da suka zo ne muka gama babin siffofin Allah, na yi ta nanata musu cewa babu abin da ya yi kama da shi, ba a kamanta shi da halitta, har jarrabawa na yi musu a kai. Da za su tafi suka ce Dada ta sa musu albarka. Akwai wata a cikinsu da ta yi ɓari har sau uku, Dada ta sani, sai ta riƙe hannunta ta ce, “Kar ki yi kuka 'yata. Allah makiyayi ne, ya san kowace saniya da sunanta. In gurguwa ta yi baya yakan tsaya ya jira ta, in maraƙi ya gaji a kafaɗa yake ɗaukarsa.”

Wata ɗalibata matar soja da ke zaune a Shadawanka ta raɗa wa ta kusa da ita cewa ai irin maganar da take ji wajen maƙwabtansu Kiristoci ce a bariki, kuma na ji ta sarai. Sauran duk suka juyo suna kallona. Wallahi ba zan yi muku ƙarya ba, a lokacin ba Allah nake karewa ba, kaina nake karewa, tsoro na ji kar a fita da labarin cewa malamar tauhidi ba ta gyara gidanta ba. Na katse ta, na ce wannan kamanta Allah da halitta ne, na ce ta ba shi kafaɗa ta ba shi sana'a, irin wannan magana tana iya fitar da mutum daga Musulunci, na ce ta yi istigfari ta sake kalmar shahada. Da irin muryar da nake yi a aji na yi mata. Ta saki hannun yarinyar, ta sunkuyar da kai, ta yi shahadar a hankali a gabansu. Ita kuwa ba ta taɓa shiga coci ba, ba ta san ma ana faɗin haka a can ba, abin da ta sani a duniya shi ne shanu, da su ta yi misali.

Tun daga ranar Dada ta yi shiru. In ta sallame sai ta shafa ta naɗe abin sallarta, babu labarin gwiwa, babu ƙarar yayana. Da farko har na ji daɗi, na ce gyara ya shiga. Bayan sati sai na lura ba ta barin kan sallaya, ga wata ƙwarya a gefenta da ƙwallayen dabino, in ta idar ta jefa ɗaya. Da na tambaye ta ta ce ramuwa take yi, tunda ranar nan ta shiga Musulunci to duk sallolinta na baya ba su hau ba, gara ta rage abin da za ta iya kafin a kira ta. Likita ya ce ta dinga salla a zaune, ta ƙi, wai ba za ta haɗa laifi biyu ba. Ranar Talatar da ta wuce ta faɗi a ruku'u, goshinta ya fashe, sai da aka yi mata ɗinki.

Yayana ya zo ya wanke ni tas, ya ce karatun da zai sa in kafirta uwar da ta haife ni gara jahilcinsa, ya ce zai ɗauke ta. Ita ce ma ta hana shi, ta ce a bar ta inda ake faɗa mata gaskiya. Maigidana ya kai ni wajen malamin da ya karantar da shi. Malam ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaye ni ko na taɓa tambayarta ko tana nufin Allah yana da jiki irin namu, na ce a'a. Ya ce misali ta buga na kulawar Allah da bayinsa da harshen da ta iya, ko da akwai lafazin da ya kamata a gyara to a keɓe ake yi cikin hikima, ba ta fita daga addini ba, babu ramuwa a kanta, ni ce ma ya kamata in tuba. Da na fito ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na dawo na durƙusa na faɗa mata duka, ina kuka. Ta shafa kaina ta ce in daina lallashinta, gaskiya ita ce wadda na faɗa a gaban mutane, wannan ta cikin ɗaki tausayi ne kawai. Na kira mata malam a waya, ta gaishe shi da ladabi, da aka kashe ta ce ai ni na roƙe shi. Magana zarar bunu, yanzu na gane. Abin da ya fi cin raina shi ne, ni da na haddace siffofi da rabe-raben tauhidi ban tuna ranar da na yi wa Allah magana har hawaye ya zo mini ba, ita kuwa kusan kullum ne, kuma ni na raba ta da abin.

Na yi tunanin in tara ɗaliban nan a ɗakin da abin ya faru in janye maganata a gabansu, tunda ta gaban mutane kaɗai ta yarda da ita. Amma shugabar makarantarmu mai tsauri ce a kan aƙida, za a iya cewa na halatta abin da na koyar da haramcinsa, kuma ni kaina ban san yadda zan ce musu darasin daidai ne amma abin da na yi da shi kuskure ne ba tare da na rikita su ba. In kuma na yi shiru, tsohuwar nan za ta ƙarasa kwanakinta tana tsoron Ubangijin da ta yi shekara saba'in tana sakin jiki da shi.

Jiya bayan azahar ta zo bakin ƙofar ɗakina da bandeji a goshi, ta yi sallama, ta zauna a ƙasa. Matar da ba ta taɓa kirana da komai ba sai Auta ta ce, “Malama, ina so in gaya masa na tuba. Da wane suna zan kira shi, kar in sake kuskure?” Sunaye casa'in da tara na haddace, na kasa ba ta ko ɗaya.

Jama'a in tara ɗaliban ko akwai wata hanya? Wanda ya san yadda ake mayar wa mutum da abin da baki ya ƙwace masa ya taimake ni, don har yanzu jiran amsata take yi.