Inna Ta Ce A Kai Jikana Juji

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye ni, duk da dai maganar suna ce ta kawo ni, wanda ya gane ni ya rufa mini asiri. Don Allah ku ba ni shawara, jibi ne sunan jikana kuma kaina ya kulle.

An haife ni a Limawa nan Minna, a 1976, shekarar da aka ba mu jiha. Kafin ni Inna ta binne 'ya'ya huɗu, babu wanda ya kai yaye. Da na zo sai tsofaffi suka ce wabi take yi, a yi mini abin da ake yi wa irinmu. Ranar suna da sassafe kakata ta naɗe ni a tsumma, ta kai ni juji bayan layinmu ta ajiye ta juya, wai don mutuwa ta ga ba a so na ta ƙyale ni. Maƙwabciyarmu Mama Saraya, Bagwariya mai sayar da doya, da ita aka shirya ta je ta tsinto ni. Har ta bar duniya in ta gan ni sai ta ce, "Yaro na! Ni ne na samu ka a bola." Liman ya raɗa mini Hajara, amma a bakin kowa Ajuji ce.

Na san yaran yanzu da yawa ba su taɓa jin sunan ba. Lokacin kuwa ba abin kallo ba ne, kuma ba ruwansa da mace ko namiji. A firamare in malam ya ce Ajuji sai mun amsa mu biyu, ni da wani ɗan ma'aikacin reluwe, har aka gaji aka raba mu, Ajuji mace da Ajuji namiji. Ga Ajuji mai facin keke, ga tsohuwa Ajuji mai koko. Duk gidan da ka ji sunan, ka san sun sha hanyar maƙabarta.

Abin da ba a faɗa shi ne, ba a juji abin yake ƙarewa ba. Dole uwa ta ci gaba da nuna ba ta damu da kai ba. Inna ba ta taɓa ɗora ni a cinya gaban mutane ba, ba ta yaba mini, kayan salla ma sai an wanke su sun ɗan koɗe kafin in saka. In na yi zazzaɓi Mama Saraya ce ke goya ni. Ina ƙarama nakan raɓe a ƙofar ɗaki ina kallon ta ko za ta kira ni, sai ta ce, "Ke Ajuji, matsa kin tare mini haske."

Da aka shigo shekarun tamanin abubuwa suka fara canzawa, wa'azi ya yi ƙarfi, masu allurar rigakafi suka fara shiga unguwa, sunan ya fara ja baya. A lokacin aka haifi ƙanina. Inna ta so a kai shi juji, Baba ya ce an gama wannan camfin a gidansa, Allah ke rayawa Allah ke kashewa. Aka sa masa Aminu. Tunda ba a jefar da shi ba sai Inna ta saki jiki, kullum yana bayanta tana masa wasa, ni ina gefe ina kishi da jariri. Yana fara gudu ƙyanda ta ɗauke shi. Inna ba ta yi wa Baba faɗa ba, ta dai ce wanda ta so ya tafi, wadda ta yar tana nan. Daga ranar ta ƙara nisa da ni, a ganinta rayuwata take tsarewa.

Amma kada ku ce sunan ne ya raya ni. Ajuji namiji ma an kai shi juji, muna sakandare ya bi abokansa kamun kifi a dam ɗin Tagwai, ruwa ya cinye shi. A shekarun casa'in kuwa babu mai sa wa ɗansa, ya koma abin tsokana, 'yan ajinmu "'yar bola" suke ce mini. Da na yi aure a 1995 na roƙi mijina kada sunan ya biyo ni gidansa. Na koma Hajara, na ɗauka na binne shi ke nan.

To ga inda muke. 'Yata ta fari tana aure a Maitumbi, haihuwa uku babu wanda ya zauna. Asibiti kam an je har an gaji, an bi duk abin da likita ya ce. Yanzu Allah ya ba ta namiji, likita ya ce lafiyarsa ƙalau. Inna ta tsufa ba ta gani sosai, amma ta sa aka ɗauko ta a keke napep ta zo, ta ce lallai a kai shi juji a kira shi Ajuji, kuma ni zan kai tunda ni ce kaka. Surukina, mutumin kirki ne ba zan yi masa ƙarya ba, ya ce shirka ce, duk ranar da ya ji an ajiye masa ɗa a kan shara to igiyar aurensu ta tsinke. Na goyi bayansa. Inna ta ce mini butulu, ta ce da wane bakin nake musu in ba don jujin ba, ta ce Baba ya kashe mata Aminu da taurin kai, yanzu ni zan gaje shi. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar, na ce ai gara da ta bar ni na mutu a cinyarta. Tun lokacin ba ta ci abincin kirki ba.

Na zaci 'yata tana bayana. Jiya ina gasa mata jiki ta riƙe hannuna ta ce, "Umma, ki kai shi. Minti ɗaya ne, babansa ba zai sani ba. Ke da aka kai, ba ga ki ba?"

Na san camfi ne, na san ajali ba ya duba suna. Amma in na ƙi wani abu ya sami yaron, da wane ido zan kalli waɗannan biyun? In na kai kuma na saɓa wa Allah, na sa auren 'yata a bakin wuta, na ɗora wa jikana kayan da na sha wuyar saukewa.

Abin da ya fi tsorata ni ma ba jujin ba ne. Na lura tunda aka haife shi, in ta gama ba shi nono sai ta ajiye shi can ƙarshen gado ta juya fuska bango. Ɗazu na miƙa mata shi na ce ta dubi hancinsa irin nata, ta ce, "Umma matsa da shi, kin tare mini haske."

Jama'a in kai shi ko kada in kai? Kuma in ban kai ba, me zan faɗa mata ta yarda ta rungumi ɗanta?